Marigayi Mai Shari'a Muhammadu Bello: Ɗan Muftin Katsina Da Ya Zama Babban Jojin Najeriya

 

Kwanakin baya, bayan mun tashi daga shirinmu na gidan rediyo, wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a Kasuwar Dole ta tsayar da mu da wata damuwa. Ɗanta ya ci jarrabawar bak, kuma ya kafe a kan shi karatun shari'a zai yi, yana son ya zama abin da muke ce wa aboka a nan Nijar, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suke ce wa lauya. Abubuwa uku ne suka hana ta barci. Na farko, shekara nawa za ta yi tana ɗaukar nauyinsa da ribar atamfa kafin ya fara kawo nasa. Na biyu, wane ne zai ɗauki shari'ar dukiyarsa ya damƙa wa yaron da ko gemu bai gama fito masa ba. Na uku, ta sha jin ana cewa aikin lauya aikin mayar da fari baƙi ne, ita kuwa ba ta son ta zuba guminta a abin da zai kai ɗanta ga halaka.

A tsaye muka ba ta amsa gajeruwa, muka kuma yi mata alkawarin doguwa. Da muka zauna muka duba, sai muka ga amsar da ta fi dacewa ita ce tarihin wani mutum da ya shiga wannan aiki da ƙuruciyarsa, a lokacin da duk ƙasar Hausa ba a san aikin ba, ya kuma bi shi har ƙarshensa. Wannan mutum shi ne marigayi Mai Shari'a Muhammadu Bello na Katsina, ɗan Arewa na farko da ya riƙe muƙamin Babban Jojin Najeriya.

Gidan Da Ya Fito

An haifi Muhammadu Bello a birnin Katsina a shekarar 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Mahaifinsa, Malam Muhammadu Giɗaɗo, shi ne Muftin Katsina. Ga waɗanda ba su sani ba, mufti a tsarin shari'ar ƙasar Hausa malami ne da ke zama tare da alƙali, yana taimaka masa da duba abin da littattafan fiƙihu suka ce a kan matsalar da aka kawo, ko ta gado ce, ko ta aure, ko ta bashi, ko ta iyakar gona. Littattafan da ake dogara da su a irin waɗannan majalisu, daga Katsina har Damagaram, na mazhabar Malikiyya ne, irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa. Ke nan Bello ya buɗe ido a gidan da ake maganar mai ƙara da wanda ake ƙara, da shaida da rantsuwa, kamar yadda ɗan gidan fatake yake buɗe ido yana jin farashin kanwa da goro.

Katsina kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu. Gari ne na malamai tun zamanin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, kuma gari ne na fatauci da kakanninmu suka daɗe suna kai da kawo tsakaninsa da Maraɗi da Tasawa da Damagaram, tun kafin Faransa da Ingila su ja layin da ya raba mu. A Katsinar ne kuma Turawan Ingila suka buɗe babbar kwalejin nan a farkon shekarun 1920, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Muhammadu Bello ya yi makarantar elamantare da ta midil a nan cikin garin Katsina.

Lokacin Da Arewa Ba Ta Da Lauya

Domin a gane girman abin da wannan saurayi ya shiga, sai an san yadda shari'a take a wancan zamani. A Arewacin Najeriya kotuna iri biyu ne. Akwai kotunan alƙalai da majalisun sarakuna, inda mafi yawan talakawa ke zuwa, kuma doka ta hana lauya tsayawa a cikinsu. Akwai kuma kotunan Turawa, na majistare da babbar kotu, inda ake shari'a da Ingilishi bisa dokar Ingila, inda kuma duk wanda ya shiga ba tare da lauya ba yake kamar makahon da aka bari a tsakiyar kasuwa. Manyan kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da fata da auduga a waɗannan kotuna suke shari'arsu. Idan rigima ta haɗa dillali ɗan ƙasa da kamfani, to sai dai ya nemi lauya daga Kudu, ko kuma ya haƙura.

Mutanen Kudu sun riga mu nisa. Ɗan Najeriya na farko da ya zama lauya, Kiristofa Sapara Williams, ya sami shaidarsa a Landan tun 1879. Arewa kuwa ba ta sami nata na farko ba sai 1955, lokacin da Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori ya gama. Tazarar shekara 76 ke nan. Akwai makarantar shari'a a Kano da aka buɗe a 1934, amma alƙalan Musulunci take horarwa, ba lauyoyin kotun Turawa ba.

A ɓangarenmu na mulkin Faransa abin ya fi tsanani. A ƙarƙashin dokar da ake kira andijina, kwamanda yana iya ɗaure mutum ko ya ci shi tara ba tare da an je gaban wani alƙali ba, kuma ba a soke wannan doka ba sai 1946. Mutanen Damagaram ba su manta da 1906 ba, shekarar da Turawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da ƙulla masu makirci, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodebuwa. Mai zargi shi ne mai mulki, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Wanda ya san wannan tarihi ba zai raina aikin mutumin da ke tsayawa tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi da takarda a hannu ba.

Da aka shiga shekarun 1950 aka ga alamar Turawa za su tafi, sai shugabannin Arewa suka farga cewa za a ba su mulki alhali ba su da ƴaƴan da za su riƙe ma'aikatar shari'a. Saboda haka aka fara zaɓen samari masu ƙwazo ana tura su karatun lauya. Muhammadu Bello yana cikin rukunin farko, tare da ɗan garinsu Mamman Nasir, wanda daga baya ya zama Galadiman Katsina.

Daga Ibadan Zuwa Landan

Hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. A wancan lokaci babu makarantar lauyoyi a Najeriya, domin ba a buɗe ta Legas ba sai farkon 1963. Dole sai an je Ingila, Ingila kuwa ba ta karɓar ɗalibin lauya sai ya san Latin, tsohon harshen Rumawa da babu mai cinikin ko da allura da shi a yau, amma kalmomin shari'ar Turawa cike suke da shi. Don haka sai da Bello ya fara sauka a Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya koyi Latin, sannan ya wuce Landan.

A Landan akwai tsofaffin gidajen lauyoyi huɗu, kuma duk mai son tsayawa gaban kotu sai ya zama ɗan ɗaya daga cikinsu. Bello ya shiga wanda ake kira Lincoln's Inn. Bayan jarrabawa, al'adar gidajen ita ce ɗalibi ya halarci adadin liyafar cin abincin dare da aka ƙayyade tare da manyan lauyoyi da alƙalai, domin ya ga yadda suke magana da yadda suke girmama juna. Wannan ya yi kama da abin da muka sani a kasuwa, inda yaron shago ba ya koyon ciniki daga littafi, sai dai daga zama kusa da maigida.

Wannan gida ya taɓa yaye wani ɗan ɗan kasuwa da ya kamata iyayenmu su san labarinsa. Muhammad Ali Jinnah, wanda ya kafa ƙasar Pakistan a 1947, ɗan wani attajirin Karachi ne, kuma a Lincoln's Inn ya zama lauya a 1896 yana ɗan shekara 19 kacal. Duk da haka, shekarunsa na farko a birnin Bombay na wahala ne, yana zaune a ofis masu shari'a ba sa zuwa. Takarda ta zo masa da wuri, amma amincewar jama'a sai da ta ɗauki lokacinta.

Muhammadu Bello ya komo gida a 1956 da shaidarsa ta lauya, shekarunsa ba su wuce 26 ba.

Aikin Farko

Saurayin da ya dawo daga Landan da baƙar riga da farar hular gashi a 1956, a Arewar da lauyoyinta ƴan gida ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, yana iya ganin kansa wani abu. Amma muƙamin da Bello ya fara da shi a Kaduna shi ne na ƙaramin lauyan gwamnati mai koyon aiki, wato matakin ƙasa a ma'aikatar shari'a, a ƙarƙashin Turawan da ke riƙe da ita. Aikin irin wannan lauya shi ne karanta fayil ɗin da ƴan sanda suka kawo, ya duba ko shaidar da ke ciki ta isa a gurfanar da mutum, ya rubuta shawara, babba ya gyara masa, ya kuma bi manya zuwa kotu yana ɗauke da littattafai kafin a fara sakar masa ƙananan shari'u.

Shekarun da ya yi a wannan ma'aikata sun zo daidai da babban sauyi. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, domin su ba da shawarar yadda za a daidaita shari'ar laifuka a jihar da ke da Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya. Daga shawararsu aka rubuta kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a ƙarshen Satumba 1960, jajibirin samun ƴancin kai. Alƙalai da ƴan sanda da lauyoyi duk sai da suka koma ɗalibai domin koyon sabuwar dokar. Wanda ya san fiƙihu daga gida, ya kuma san dokar Ingila daga Landan, ya fi kowa sauƙin riƙe igiyar biyu.

A 1961, bayan shekara biyar yana wannan aiki, aka naɗa Bello babban majistare. Kotun majistare ita ce kotun yau da kullum, inda ake kawo ɓarawon kasuwa da direban da ya yi ganganci da wanda ya ci amanar maigidansa. Daga nan ya tafi Amurka ya ƙaro karatu a makarantar shari'a ta Jami'ar Harvard. A 1964 aka ba shi muƙamin darakta mai gabatar da ƙararraki na Jihar Arewa, wato mutumin da ke da ta cewa a kan wanda gwamnati za ta gurfanar da wanda za ta ƙyale. A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa soja suka karɓi mulki, aka naɗa shi jojin babbar kotu. Shekara goma ke nan cif daga ranar da ya fara ɗaukar fayil a Kaduna.

Kotun Ƙoli Da Lissafin Kano

A 1975 Janar Murtala Muhammad ya hau mulki, ya yi garambawul a ma'aikatun gwamnati har da na shari'a. A wannan shekara aka ɗaga Muhammadu Bello zuwa Kotun Ƙoli, wadda a lokacin take Legas, shi da abokin tafiyarsa Mamman Nasir. Yana da shekara 45 a lokacin, kuma ya zauna a wannan kotu shekara 20.

Shari'ar da ta fi kowace suna a farkon zamansa ita ce ta zaɓen shugaban ƙasa na Agusta 1979, kuma ƴan kasuwa za su ji daɗinta domin shari'ar lissafi ce. Doka ta ce ba a cin zaɓe da yawan ƙuri'a kawai, sai ɗan takara ya sami aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasar. Jihohi kuwa 19 ne, kuma 19 ba ta rabuwa uku daidai. Alhaji Shehu Shagari ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma sami rubu'in da ake nema a jihohi 12, amma a ta 13, wato Kano, abin da ya samu bai kai kashi 20 cikin 100 ba, sai dai ya kusa. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara yana cewa jiha ba ta gutsuruwa, saboda haka sai an cika 13. Lauyan ɓangaren Shagari, Richard Akinjide, ya ce biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka abin da ake nema a Kano shi ne rubu'in kashi biyu bisa uku na ƙuri'unta, wato kashi ɗaya bisa shida na duka, wanda bai kai kashi 17 cikin 100 ba. Da wannan awo Shagari ya haye.

Alƙalai bakwai ne suka zauna, Bello yana cikinsu. Ranar 26 ga Satumba 1979, saura kwana biyar soja su miƙa mulki, kotu ta tabbatar wa Shagari nasararsa. Mai Shari'a Kayode Eso ne ya saɓa wa sauran. Bello yana tare da masu rinjaye. Har yau lauyoyin Najeriya ba su daina gardama a kan wannan hukunci ba.

Wa Ke Da Ikon Kai Ƙara?

Akwai wata tambaya da sunan Bello ya manne da ita a littattafan ɗaliban shari'a, ita ce ta wanda ya cancanci kotu ta saurare shi. A 1981 Sanata Abraham Adesanya ya kai Shugaba Shagari ƙara a kan naɗin shugaban hukumar zaɓe. Kotun Ƙoli ta ce ba shi da hurumi. Ra'ayin da Bello ya rubuta a wannan shari'a shi ne aka fi ɗauka, kuma ma'anarsa ita ce kotu tana sauraron wanda abin ya taɓa haƙƙinsa ne, ba duk wanda ransa ya ɓaci ba. Masu goyon baya suka ce in ba haka ba kotu za ta zama dandalin ƴan siyasa. Masu suka kuma suka ce an rufe wa talaka ƙofar tuhumar masu mulki.

Bayan shekara shida sai ga wata shari'ar. Ranar 19 ga Oktoba 1986 aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bom da aka aika masa cikin ƙunshin wasiƙa a gidansa na Legas. Lauyansa kuma abokinsa, Gani Fawehinmi, ya nemi a ba shi dama ya gurfanar da wasu manyan jami'an tsaro biyu da yake zargi. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba shi da hurumi. A Disamba 1987 Kotun Ƙoli, a lokacin Bello ne shugabanta, ta ce yana da shi, domin a maganar kisan kai kowa mai tsaron ɗan uwansa ne. Kotun ba ta ce waɗanda ake zargi sun aikata ba, kuma har yau ba a hukunta kowa a kan wannan kisa ba. Abin da ta yi shi ne buɗe ƙofar da aka rufe, a zamanin da soja ke mulki.

Babban Joji A Zamanin Soja

A watan Maris 1987 Muhammadu Bello ya gaji Mai Shari'a Ayo Irikefe a matsayin Babban Jojin Najeriya. A shekarar ce kuma aka yanke Katsina daga Kaduna ta zama jiha mai zaman kanta. Duk shekarun da ya yi a kujerar, kusan tara, babu zaɓaɓɓen shugaban ƙasa ko ɗaya. Ya yi aiki da Janar Ibrahim Babangida, da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan, da Janar Sani Abacha.

Ba za mu ɓoye wa masu karatu cewa a nan ne aka fi sukarsa ba. Soja suna mulki da dokokin da suke rubutawa da kansu, kuma sau da yawa sukan sa a ciki cewa babu kotun da ke da ikon duba abin da aka yi a ƙarƙashinsu. Akwai dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba, akwai kuma kotuna na musamman da hukuncinsu ba ya zuwa Kotun Ƙoli, irin wadda ta yanke wa Ken Saro-Wiwa da mutum takwas hukuncin da aka zartar ranar 10 ga Nuwamba 1995. Lauyoyi masu fafutuka suna ganin ya kamata Babban Joji ya fito ya ja da soja. Wasu kuma suna ganin da ya yi haka da an rushe abin da ya rage na kotunan gaba ɗaya, talaka mai shari'ar gona da bashi ya rasa inda za shi.

Shari'ar Mashud Abiola ta nuna tsaka mai wuyar da ya shiga. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a Yuni 1994, aka kama shi. Maganar belinsa ta hau har Kotun Ƙoli. Amma kafin nan jaridar Concord, wadda mallakar Abiolan ce, ta buga labarin cewa gwamnatin Babangida ta ba alƙalan kotun motocin Marsandi, alƙalan kuma suka kai jaridar ƙarar ɓata suna. Lauyan Abiola, G.O.K. Ajayi, ya ce wanda ke shari'a da kamfanin mutum bai kamata ya zauna a kan shari'ar mutumin ba. A 1995 kotu ta yarda da wannan, alƙalai takwas suka janye, har da Bello. Wannan ƙa'ida ce da kowane alƙalin Musulunci ya sani, cewa mutum ba ya zama alƙali a kan abokin husumarsa. Sai dai waɗanda suka rage ba su kai adadin da za a zauna ba, Abacha kuma ya ƙi naɗa sababbi. Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998 ba a saurari ƙararsa ba. Alƙalan sun bi ƙa'ida, amma mai bindiga ya mayar da ƙa'idar makami.

Aikin da ba a gardama a kansa shi ne na horar da alƙalai. A zamaninsa, a 1991, aka kafa cibiyar ƙasa ta ƙara wa alƙalai da ma'aikatan kotu ilimi, kuma mazauninta na Abuja sunansa aka sa masa. Ya yi ritaya a Disamba 1995 da ya cika shekara 65, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya gaje shi. Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba 2004.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Yanzu mu komo ga Hajiya mai atamfa da tambayoyinta uku.

Maganar shekaru, gara a faɗa mata gaskiya tun yanzu. Bayan bak akwai shekara uku na lisans da biyu na masta, a irin Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko jami'ar Tawa. Bisa ƙa'idar da ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa suka amince da ita a 2014, mai son zama aboka sai ya ci wata jarrabawa ta musamman, sannan ya yi shekara uku yana koyon aiki a ofishin wani babban aboka. Shekara takwas ke nan in ba a maimaita aji ba, kuma a ukun ƙarshe abin da zai samu ba zai riƙe gida ba. Wanda zai yi wannan tafiya ya lissafa guzurinsa kamar mai fita fatauci mai nisa. Kuma a sani ba aboka ne kaɗai ƙofa ba. Da wannan karatu ana zama majistare, ko magatakardan kotu, ko notar mai rubuta takardun cinikin gida da fili, ko mai ba banki da kamfani shawara. Bello kansa ta ƙofar gwamnati ya shiga.

Maganar ƙuruciya kuwa, tarihin ya amsa ta. Shekara biyar yana ƙaramin lauya, biyar tsakanin majistare da darakta, tara yana jojin babbar kotu, goma sha biyu a Kotun Ƙoli kafin ya shugabance ta. Shekara 31 ke nan daga fayil na farko zuwa kujera ta ƙarshe, kuma babu matakin da ya tsallake. Yaro ba ya fara da shari'ar miliyoyi, kamar yadda ba a fara ba yaron shago mabuɗin sito. Amma aikin yana nan yana jira. Mafi yawan abokan Nijar a Yamai suke, alhali Damagaram tana da kotun ɗaukaka ƙara, tana kuma da ƴan kasuwa masu hulɗa da Kano da Agadas da Kwatano. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar dokokin kasuwanci ta OHADA a 1993, wadda a cikin dokokinta akwai hanyar gaggawa ta karɓo bashin da ke da hujja a rubuce. Mu nawa ne muka san da ita? Mu nawa muka ba da kaya na jika ɗaruruwa da baki kawai, aka zo aka musa? Yaron da ya tashi a rumfa, yana jin Hausa da Faransanci, ya san adashi da dillanci da bashin kaka, yana da abin da ɗan ofis ba shi da shi, kamar yadda ɗan Mufti ya je Landan da abin da Bature ba shi da shi.

Tambaya ta uku ita ce mai nauyi, kuma babu takardar jami'a da ke amsa ta. A kowace sana'a akwai mai tauye mudu da mai cika shi, kuma ba a taɓa rufe kasuwa don an sami maha'inci a cikinta ba. Aikin aboka na gaskiya shi ne ya faɗa wa kotu hujjar wanda bai iya faɗa da kansa ba, ya kuma gaya wa wanda ya ɗauke shi gaskiya idan ba shi da ita, ko da hakan zai sa ya rasa kuɗin aikin. Wannan tarbiyya daga gida take fitowa, kuma ita ce rabon da ya rage a hannun Hajiya, ba a hannun malaman jami'a ba.

Allah ya jiƙan Mai Shari'a Muhammadu Bello, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa ƴaƴanmu da za su bi wannan hanya su zama garkuwar marasa ƙarfi.